Malfa a kan ƙwallon duniya

Cikin tambayoyin da ɗalibai ke yi mini a darasin labarin ƙasa, akwai wadda na fi so: me ya sa layukan kwance na taswirar Turai suke lanƙwashe kamar baka, alhali na taswirar duniya da ke bangon aji miƙaƙƙu ne? Yaron da ya lura da wannan ya riga ya kama bakin zaren.

Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ɓare lemu ka gwada baje ɓawon a kan tebur, sai ya yage. Don haka kowace taswira dole ta tauye wani abu: girman ƙasa, ko siffarta, ko nisan wurare.

Ƙasashen da ke tsakatsaki, nesa da ekwata kuma nesa da ƙuryar arewa, malfa ake kifa musu. Ni da ƙwallon roba da tsohuwar jarida nake nuna wa yara. A naɗe jaridar kamar yadda mai gyaɗa ke naɗe takarda, a kifa ta a kan ƙwallon. Za a ga a zobe guda kawai suka taɓa juna. A kan wannan zobe awo daidai yake, kuma iya nisanka da shi iya ƙaruwar kuskure. Sai a yanka malfar daga baki zuwa tsini a baje ta, ta buɗe kamar wutsiyar talotalo. Ga amsar tambayar nan a fili: layukan kwance sun lanƙwashe, na tsaye kuma duk sun nufi tsini. Masana kan bar malfar ta ɗan nutse cikin ƙwallon, don a samu zobe biyu maimakon ɗaya, kuskuren ya rabu.

Shi ya sa dabarar ta dace da ƙasa mai faɗi daga gabas zuwa yamma. Johann Lambert ya fito da tasa a 1772, wadda ke kiyaye siffa da kusurwa, kuma har yau da ita ake zana yawancin taswirorin matuƙan jirgin sama. Faransa ma ita take bi, da zobba a digiri 44 da 49. Ta Heinrich Albers, ta 1805, girman fili take kiyayewa. Amurka na amfani da ita a digiri 29.5 da 45.5.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda Nijar tana tsakanin digiri 12 da 23 ne, kusa da ekwata. Ruwanmu shi ne abin da ƴaƴanmu ke kallo kullum. Taswirar Mercator ta 1569, wadda aka yi don matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura ƙasashen arewa. A kanta Faransa ta kusa kamo Nijar a ido, alhali Nijar, mai murabba'in kilomita 1,267,000, ta ninka ta fiye da sau biyu. Yaro ba ya gardama da hoton bango, haddace shi yake yi.

Malamai da iyaye, idan kun buɗe littafin taswira da yaro, ku duba ƙananan rubutun da ke gefen shafi. Sau da yawa a nan ake rubuta sunan tsarin da aka bi. In kun ga Lambert ko Albers, ku sa yaron ya bi layukan tsaye da yatsa, ya faɗa muku inda tsinin malfar yake.