Daga Yamai Zuwa Damagaram: Tafiyar Aiki, Hutu da Haƙƙin Gida



Hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi gabas har Damagaram, wadda hukuma ke kira hanyar ƙasa mai lamba 1, tsawonta ya kusa kilomita 900. A kanta manyan garuruwan kudancin Nijar suke jere: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa. A gefenta kuma, a ƙarƙashin ƙasa, aka binne zaren gilashin nan da ake kira fibar, mai ɗauke da maganar waya da saƙonnin intanet. Mu masu wannan rubutu matasa ne ma'aikatan sadarwa da kwamfuta, maza da mata, waɗanda abincinsu ke rataye da wannan zare da kuma dogayen ƙarafunan antan da kuke hangowa a bakin kowane gari. Da wuya wata ya kama ya mutu ba mu bi wannan hanya ba.

Ƴan'uwa da abokai kan ce mun ji daɗi, kullum muna yawon buɗe ido ana biyanmu. Abin da hanya ta koya mana shi ne tafiyar aiki daban take, hutu daban, abin da rai ke sha'awa shi ma daban. Kowanne yana da rabonsa a cikin shekarar mutum, kuma idan ba a yi hattara ba, na farkon shi ke haɗiye sauran biyun.

Abin da ma'aikaci ke gani a hanya

Ana barin Yamai da an sallame sallar asuba. Kafin rana ta ɗaga an iso Kure, kimanin kilomita 60 daga babban birni, wurin da raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suke zaune. A 1996 ba su kai 50 ba. Da aka tsaya ga kiyaye su sai suka hayayyafa har suka haura 600. Tun bayan harin watan Agusta na 2020 da ya halaka mutum 8 a wurin, ziyarar ta koma ta taka-tsantsan. Motar aiki dai ba ta tsayawa. In an yi sa'a a hango dogon wuya ɗaya ko biyu sama da itatuwa, sai direba ya ƙara wuta, domin akwai antan da ke jiran batura kafin zafi ya tsananta.

Haka ake wuce Doso ba a leƙa fadar Zarmakoy ba, a wuce Dogon Dutsi ba a taka dutsen da ya ba garin suna ba. Abin da muka fi sani a kowane gari shi ne ɗan shingen da aka kewaye antan da shi, da janareta, da tankin man gas, da maigadi a ƙarƙashin rumfarsa. Mun san inda rezo ke ƙarfi da inda yake yankewa. Mun san cewa a Ƙonni waya kan kamo rezon Nijeriya don kusancin garin da Illela. Amma da za a tambayi yawancinmu ƙofar Sarkin garin, sai ido ya raina fata.

Yanayin aikin ne ya kawo haka. Babban gyara ba a yin sa da rana, lokacin da jama'a ke kira da tura kuɗi. Sai dare ya raba a kashe na'ura a duba ta, a gama kafin asalatu. Idan zare ya katse, ko dai don ruwan damina ya zaizaye gefen hanya ko don masu haƙa sun sare shi, akwai na'urar da ke harba haske a cikinsa ta faɗi a kilomita nawa aka samu matsalar. Sai a je a tona, a haɗa bakin zarurrukan da kaurinsu bai wuce na gashin kai ba, ɗaya bayan ɗaya, a cikin tanti don kada ƙura ta shiga. Babu wanda ya san yaushe irin wannan kira zai zo. A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, abin da ya ɗauki watanni har zuwa Maris na 2024, janaretoci suka yi ta aiki fiye da ƙima, masu kula da su kuma suka kusa tarewa a hanya.

Ɗan abin da ke haɗa ma'aikaci da garuruwan nan shi ne tsaraba: buhun albasa a Galmi, tabarma da kilishi a Madawa. A Maraɗi, garin da Katsinawa suka kafa sarautarsu a farkon ƙarni na 19, wanda kuma aka tayar da shi zuwa kan tudu bayan ambaliyar gulbi ta 1945, a nan aka fi yada zango. Gari na wayewa a kama hanyar Tasawa da Takeita. Wannan duka wucewa ce, ba ta kai a kira ta ziyara ba.

Yamma guda a Birni

Saboda haka muka yi wa kanmu ƙa'ida mai sauƙi: duk garin da aiki ya kwanar da mu dare biyu ko fiye, yamma guda ta garin ce. Daga la'asar zuwa magariba a rufe kwamfuta, a bar mutum ɗaya da wayar ko-ta-kwana, saura su fita da ƙafa. A Damagaram muka fi ganin amfanin wannan ƙa'ida.

Garin kashi-kashi ne. Akwai Birni, tsohuwar unguwar sarauta, da ke kwance tsakanin manyan duwatsu masu santsi kamar an mulmula su da hannu. Akwai Zongo, inda fataken Abzin da na hamada ke sauka a zamanin ayari. Sai kuma sabon gari da ya haɗe su. A tsakiyar Birni fadar Sarkin Damagaram take, ginin ƙasa mai kaurin bango wanda aka yi a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ganuwa ya mai da shi babbar matattarar ciniki tsakanin Kano, Borno da Tarabulus. Baturen Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso nan a ƙarshen 1852 ya yi makonni kafin ya nufi yamma. Faransawa suka kama garin a 1899, kuma shi ne babban birnin ƙasar har 1926 da aka mayar da mulki Yamai. Mai zuwa gyaran antan zai iya yin tafiya goma bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Lungunan Birni ƙunci gare su, wani wurin da ƙyar jaki da kaya zai gifta mutum. Abin da ke tsayar da baƙo shi ne fuskar gidaje: zanen da magina suka fitar a jikin bango tun ƙasa tana ɗanya, dagi da da'ira da layuka masu sarƙe juna, wasu an shafe su da farar ƙasa, wasu da launi, ga zankwaye a saman soro. Da yawa sun fara zubewa, wasu an lulluɓe su da siminti. A nan ɗaukar hoto ta zama abin sha'awarmu. Mukan yi sallama, mu nemi izinin maigida, mu ɗauki zanen, mu rubuta unguwa da shekara. Ba mu ɗaukar mutane sai sun yarda, ba mu kuma wuce zaure.

Wata yamma wani dattijo da ke zaune a kan dakali ya ga mun daɗe muna kallon bangon gidansa. Ya ce, "Samari, daga ina?" Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, daga Yamai muke, masu gyaran rezo ne." Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo ruwa, ya nuna mana inda zanen kakansa ya tsaya da inda aka sabunta daga baya. Har aka kira magariba muna tare. Da za mu tafi ya tambayi garuruwanmu na asali, da yaushe rabonmu da su. Wasu daga cikinmu sai da suka yi lissafi da yatsu.

Masu aiki irin namu suna bukatar abin yi wanda allo ba ya ciki. Wanda ya yini ya kwana yana kallon kwamfuta, in ya ce zai huta da kallon waya, idonsa da ƙwaƙwalwarsa ba su san an tashi aiki ba. Shi ya sa kowa a cikinmu ya riƙe wani abu: wannan hoto, wancan dara da yake zama ya buga da dattawa duk inda ya tarar da su, wani kiwon tattabaru, wani kokowa da ba ya bari gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta wuce shi. Ƙanwarmu a aiki kuwa ɗinkin hula take tafiya da shi a jaka. Sharaɗin kawai shi ne abin ya zama mai sauƙin ɗauka, marar cin kuɗi, wanda ba zai shiga lokacin aiki ko na ibada ba.

Konje na gida ne

Duk daɗin yammar Birni, ba ita ce hutu ba, domin waya tana kunne kuma ƙarfe 1 na dare ana jiranmu a gindin antan. Hutu na gaskiya shi ne konje. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, ta kuma tsayar da makon aiki a kan awa 40. Wannan haƙƙi ne, bai kamata matashi ya ji kunyar neman sa ba.

Amma a sana'armu konje yana da ɓarayi. Na farko shi ne kuɗin misiyon: ɗan guzurin da ake ba ma'aikaci kowace rana a tafiya yakan zama ƙari mai tsoka a kan albashi, ga aure a gaba, ga ginin fili, ga ƙanne a makaranta, sai mutum ya riƙa ɗaga hutunsa don kada tafiya ta wuce shi. Na biyu shi ne tunanin cewa in ba ni ba, na'ura ba za ta tashi ba. Na uku shi ne waya, mai biyo mutum har ɗakin mahaifiyarsa. Mun ga abin da wannan ke haifarwa: wanda ɗansa ya fara tafiya ya fara magana yana hanya, wanda aka yi jana'izar kawunsa yana saman ƙarfe, wanda barci ya ɗauke a sitiyari bayan kwana biyu bai runtsa ba. Wani zai ce ai ya biya ta gida da ya zo aiki kusa da garinsu. Tsayuwar minti 20, injin mota na ruri a ƙofar gida, a ajiye buhun albasa a ce "Inna, sauri nake," ba ta biyan bashin zumunci. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar da za ta tuɓe takalmi ta zauna.

Ga yadda muke tsara abin a tsakaninmu. Tun farkon shekara kowa ke faɗin lokacin da yake so, a rubuta a miƙa wa shugaban sashe, don kada kowa ya ruga neman sallah ɗaya. Wanda ya samu ƙaramar sallah bana ya bar wa ɗan'uwansa babba. Kafin mutum ya tafi sai ya rubuta duk abin da ya sani game da na'urorin da ke hannunsa, ya zauna da wanda zai riƙe masa har ya gane. Wayar aiki tana zama a biro. Kuma ba mu haɗa iyali da tafiyar aiki da sunan hutu, domin taura biyu ba ta taunuwa: uwargida da yara za su yini a ɗakin masauki suna jiran wanda ba zai dawo ba sai asuba.

Kwana 30 ɗin ma mukan raba su. Kaso mafi girma na iyaye ne da dangi, a garin asali, inda za a gaida tsofaffi, a duba marasa lafiya, a taya aikin gona in damina ce. Wani kaso na mata da ƴaƴa ne su kaɗai. A nan sanin hanya ke yin rana: garin da muka taɓa ba yamma guda, yanzu mun san inda za mu kai su. Wasunmu sun komo Damagaram da iyalinsu lokacin sallah, suka ga hawan Sarki, suka leƙa wurin dukawa masu aikin fata, suka je Mirya, kilomita kamar 18 a gabas, ranar kasuwa suka sayi tukwane. An fi jin daɗin irin wannan tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Sauran kwana biyu ko uku na ƙarshe kuwa na barci ne da zaman gida, don kada a koma aiki da gajiyar hanya.

Kira ga iyaye da ƴan'uwa

Muna roƙon iyaye da matan aure da mazajen ƴan'uwanmu mata da ke wannan sana'a su fahimci cewa wanda ya dawo daga misiyon daga aiki ya fito, yana bukatar barci kafin a jero masa buƙatu. Mu kuma a namu ɓangare, wajibi ne mu faɗa wa gida ranar tafiya da ranar dawowa, mu kira ko da minti biyu ne kowace yamma, mu guji tafiyar dare, mu bi shawarar hukuma game da wuraren da tsaro ya yi rauni. Shugabannin aiki kuma su tuna cewa ma'aikacin da ya huta shi ke haɗa zare hannunsa bai yi rawa ba.

Ƙanne masu shirin shiga wannan fanni, sana'a ce mai albarka, za ta nuna muku ƙasarku daga Yamai har Difa. Ku shiga da ƙa'idarku tun ranar farko, domin sabon da aka yi a shekarar fari shi ke bin mutum.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sa albarka a neman kowa, Ya bar zumunci. Wassalam.