Alkukin Kaka Ya Zama Wurin Karatunmu

A gidajenmu na Moriki kowane abu yana da mazauninsa. Gero da dawa suna da rumbu, ruwa yana da randa, akuya tana da turke, kaji suna da akurki. Ko tsintsiya akwai kusurwar da ake jingine ta, wanda ya ɗauka bai mayar ba kuwa sai ya sha faɗa. Littafin ɗan makaranta ne kaɗai ba shi da wurin kwana. Yau yana cikin jaka an rataye a ƙusa, gobe yana ƙarƙashin katifa, jibi a tsince shi a tsakar gida akuya ta cinye babi guda. Shi ma mai littafin haka yake. Yau a bakin gado, gobe a gindin bishiya, kuma duk babban da ya gan shi a zaune ya ga ɗan aike.

Mu biyar ne 'yan makaranta a gidanmu, maza uku mata biyu, wasu 'ya'yan Baba, wasu na ƙanensa. Muna nan a haka muna lallaɓawa, domin aji yana ɗauke mana rabin nauyin. Sai shekarar 2021 ta zo. Ranar 1 ga Satumba 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara baki ɗaya. Cikin kwanakin nan aka katse layukan waya, aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi da ake ci ranar Alhamis. Babu aji, babu malami, babu wayar da za a tambayi abokin karatu. Gona mai nisa ma ba kowa ke iya zuwa ba.

Mako biyu na farko mun ɗauke su hutu. Daga nan muka fara ganin abin da zaman gida ke yi wa ɗalibi. Babban yayanmu yana ajin ƙarshe, jarrabawar WAEC da NECO na jiransa ko an buɗe makaranta ko ba a buɗe da wuri ba. Ƙaramin cikinmu, wanda ya fara haɗa baƙi da kyau, ya koma yana tsayawa a kan kalmomin da ya riga ya wuce. Yayarmu mace kuwa ita ta fi kowa shiga haɗari. Yarinyar da ta kai shekara goma sha biyar tana zaune a gida ba makaranta, ba a daɗewa wata gwaggo za ta fara cewa, "To me ake jira?" Mun ji an fara faɗa. Muka gane cewa in ba a gan mu da littafi kullum ba, a hankali gidan zai manta cewa mu 'yan makaranta ne.

A nan ne alkuki ya shigo. Waɗanda suka tashi a gidan bulo da siminti wataƙila ba su san shi ba. Alkuki ɗan rami ne da magini ke bari a jikin bangon ƙasa tun lokacin da yake jera tubali, kamar taga wadda ba ta ɓulle waje ba. A da can a ciki ake ajiye fitilar aci-balbal don iska kada ta kashe ta, daga baya fitilar ƙwai ta gaje ta. Da tocila da fitilar caji suka zo sai aka yi watsi da shi. Namu yana cikin shigifa, wato ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Faɗinsa ya kai kamu biyu, zurfinsa kamu ɗaya, ƙasansa kuma akwai ɗan dakali. Abin da ke ciki a lokacin: fasasshen kasko, tsohuwar rediyo marar batir, ƙullin magani da babu mai tuna na mene ne, da saƙar gizo-gizo.

Mun yi shawarar zaure da farko, don ya fi faɗi da iska. Yayarmu ce ta ce in a zaure ne to ban da ita da ƙanwarta, domin nan baƙin Baba ke zama, mace ba za ta shimfiɗa tabarma a wurin ba. Cikin gida kuma ga daka, ga kukan yara, ga hayaƙin murhu. Shigifa ce kaɗai wurin da namiji da mace za su iya zama ba wanda ya ce don me.

Alkukin na Kaka ne, saboda haka wurinta muka nufa. Babban yayanmu muka tura gaba, tunda shi ne take kira maigidanta. Ya durƙusa ya ce, "Amaryata, roƙo muka zo." Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Alkukin ga, tun da anka kawo ni gidan ga nika aje hitila cikinai. In karatu za ku yi, ku ɗauka. Amma ran da kunka maishe shi wurin wasa, ina amshe abina." Muka ce mun yarda.

Aikin ya ɗauke mu kwana huɗu, kuma ba mu kashe kuɗin kirki ba. Da sanda muka fara zaƙulo tarkacen, ba da hannu ba, saboda irin wannan rami gidan kunama ne. Muka share, muka duba ko akwai hanyar gara a bango. Wanda ya san gara ya san tana iya gamawa da littafi daga ciki bangonsa na nan lafiya kalau. Mun sami hanya ɗaya, muka kankare ta, muka toshe tsagar da sabon kwaɓin ƙasa, muka bari ya bushe. Inna ta ba mu farar ƙasa muka shafe cikin alkukin da bangon da ke kewaye da shi. Wannan shafen ya yi abin da ba mu zata ba: ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa sai ya riƙa dawowa daga farin bangon, shigifar ta yi haske kamar an ƙara mata taga.

Damina ba ta ƙare ba a lokacin, bangon ƙasa kuwa yana riƙe danshi. Don haka ba mu yarda takarda ta taɓa ƙasa ko bango ba. Mun sami guntun katako biyu na tsohuwar ƙofa, muka ɗora ɗaya a kan duwatsu huɗu a ƙasan alkukin, ɗayan muka kafa shi a tsakiya ya zama hawa na biyu. A baya muka jingina kwali da muka naɗe da leda. Kaka ta ce mu busar da ganyen dogon yaro mu zuba a kusurwoyi, kamar yadda take yi a adakar kayanta don korar ƙwari. Tsohon zanen Inna ya zama labule, wanda muka ga amfaninsa sosai da hunturu ya shigo da ƙurarsa. A kan dakali muka shimfiɗa tabarma da buzun ragon layya. Mun gwada zama ta fuska biyu kafin mu gane cewa mai rubutu da hannun dama yana son haske ya zo masa ta hagu, don kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa. Da dare kuma akwai ƙaramar fitilar sola da muke shanyawa a kan katanga da rana.

Wani alheri da ginin ƙasa ke da shi shi ne kaurin bango. Zafin rana ba ya ratsa shi da sauri, saboda haka da azahar, lokacin da ɗakin kwano ke tafasa, shigifa tana nan da sanyinta. Da asuba a lokacin hunturu kuma tana da ɗumi. Magabatan da suka gina ta ba su san fanka ba, amma sun san ƙasarsu.

Da muka tattaro littattafan gidan duka, goma sha bakwai muka ƙirga. Akwai na lissafi da Turanci da kimiyya na azuzuwa daban-daban, da ƙunshin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da ƙamus wanda ya rasa shafukan farko, da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam wanda Baba ya karanta tun yana firamare. Wannan na ƙarshe shi ya ceto karatun ƙaraminmu. Kowace rana sai ya karanta wa Kaka shafi biyu da ƙarfi, ita kuma da ba ta yi boko ba tana gyara masa Hausa in ya karya kalma. Muka ware wani tsohon littafin rubutu muna shigar da sunan duk wanda ya ari littafi da ranar da ya ɗauka, domin ba a jima ba yaran maƙwabta suka fara leƙowa.

Gyaran bango shi ne mai sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne samun lokaci, kuma wannan sai da yardar manya. Muka je wurin Baba da roƙo ɗaya: daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, duk wanda aka gani a kan buzun nan da littafi a buɗe, a ɗaga masa ƙafa kada a aike shi. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗin kowa ya gama aikinsa kafin la'asar. A nan ne lissafi ya fito fili. Mu maza aikinmu yana da iyaka: a ba dabbobi ciyawa, a share ƙofar gida, shi ke nan. Aikin mata ba ya ƙarewa, kuma daidai wannan lokacin ne ake ɗora tuwon dare. In aka bar tsarin a haka, wurin karatun zai zama na maza kawai, alhali mace ce ta zaɓe shi.

Saboda haka muka raba. Ɗiban ruwa da faskaren ice da kai niƙa suka dawo wuyan maza. Wanke-wanken rana ma muka karɓa kwana uku a mako, duk da dariyar da abokai suka yi mana. Inna ta yarda ta riƙa sakin 'yan matan ɗaya bayan ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan 'yan makonni, gwaggon nan mai tambayar me ake jira ta zo wucewa ta shigifa, ta iske yayarmu tana koya wa yara uku na maƙwabta jadawalin sau. Ta tsaya ta kalla, ta ce, "Malama, sannu da aiki," ta shige. Ba mu sake jin waccan maganar ba a shekarar.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne da boko ya kawo. A garuruwanmu malamai sun daɗe suna ajiye littattafai a gafaka, suna karantarwa a zaurukansu, allunan ɗalibai a jingine a bango. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, daga cikin gida ta yi rubuce-rubucenta da Larabci da Fulatanci da Hausa, daga nan kuma ta riƙa tura jajis suna koyar da matan ƙauyuka. A Timbuktu ta ƙasar Mali, iyalai ne suka adana tsofaffin littattafan hannu a gidajensu shekaru aru-aru, kuma da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, a cikin adakokin ƙarfe aka riƙa fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Sau da yawa, idan abin da ke waje ya rushe, ɗan abin da aka ajiye a gida ne ke riƙe ilimi har a sami sauƙi.

Alkuki dai ba makaranta ba ne. Ba ya amsa tambaya. Akwai lissafin da muka yi kwana uku a kansa mu biyar muka kasa. Sai muka riƙa rubuta irin waɗannan a takarda ɗaya, ranar Juma'a mu kai wa wani maƙwabcinmu da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya warware mana. Babu ɗakin gwaji, babu malamin da zai duba rubutunmu na Turanci. Kuma akwai dararen da ba wanda ya iya karanta ko layi ɗaya, saboda an ji ƙarar da ta sa kowa kashe fitila. Duk da haka, da aka koma aji bayan watanni, mun iske ba mu manta abin da muka sani ba. A ajinmu akwai kujerun da masu su ba su dawo ba, wasu sun bi kasuwa, wasu an yi musu aure, wasu iyayensu sun yi ƙaura. Mu biyar mun koma duka.

Ku da kuke karanta wannan shafi a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura ko wani gari mai nisa, ku zagaya gidanku yau da idon mai nema. Wataƙila akwai alkuki, ko ƙarƙashin matakala, ko tsohon ɗakin ajiya, ko kusurwar da aka tara buhunan da ba a amfani da su. In ɗaki ɗaya kuke haya, kwali mai murfi da ƴar tabarma da wuri ɗaya da ba ya canzawa sun isa. Ku fara da neman izinin mai wurin, cikin ladabi. Ku ɗaga littattafai daga ƙasa, ku nisanta su da danshi, ku riƙa duba gara kowane mako. Ku roƙi manya sa'a ɗaya tak a rana, ku kuma biya ta da aikin da kuka gama da wuri. Sannan ku duba wane ne a gidan aiki ba ya barinsa ya zauna, ku rage masa. In littafi uku kuke da su, ku jera ukun, ku rubuta sunayensu a takarda, ku bar wuri a ƙasa don na huɗu.