Yaya, Kada Landan Ta Cinye Maka Hutu

Yaya,

 Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso, na kuma ga jerin wuraren da kake so a kai ka idan ka zo bikin yaye 'yarka a watan Yuli. Kaf ɗinsu a Landan suke: fadar Buckingham, agogon Big Ben, sai kantuna. Za mu je, in Allah Ya yarda. Amma ina neman alfarma ka rage mini wani abu daga hutun in kai ka Ludlow, wani ɗan gari a gundumar Shropshire, dab da iyakar Ingila da Wales, inda muka yi namu hutun da iyali. Mutanensa ba su wuce 11,000 ba. Kai mutumin gona ne da kiwo, Landan kuwa ba za ta nuna maka ko ɗaya ba.

Garin bisa tudu yake, kogin Teme ya kusa zagaye shi. A ƙarshen tudun akwai tsohuwar fada mai ganuwar dutse, wadda Normawa suka soma ginawa bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, don su tsare iyaka. A bakin ƙofarta kasuwa take ci, ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Ranar Alhamis ta biyu da ta huɗu a wata kuma akwai kasuwar 'yan gida, wadda ba a kasa kaya a cikinta sai abin da aka noma ko aka sarrafa a cikin mil 30 daga garin. Wannan ce nake so ka gani.

A wata rumfa na tsaya wurin wata dattijuwa mai sayar da cuku. Tana yanka shi da siririyar waya, ta miƙo mini ɗan ɓalli a bakin wuƙa in ɗanɗana. Da na tambaye ta inda nonon ya fito, sai ta juya ta nuna mini wani kwari da ake hange ta bayan rufin gidaje, ta ce shanun suna can. Haka mai zuma, haka mai ruwan tuffa, haka mai ƙwai. Ba dillali tsakaninsu da mai saye. Sai dai ka bar halin ciniki a gida, don farashi a rubuce yake, kuma in ka taya za su dube ka kamar ka yi ɓatan kai.

Arzikin garin nan na dā, tumaki ne tushensa. Tun wajen shekaru 700 da suka wuce ulun wannan yanki yake da daraja a kasuwannin Turai. Da ribarsa attajirai suka faɗaɗa cocin St Laurence, mai hasumiya ƙafa 135. Matakalarta ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar ba za ta ƙare ba, amma daga sama za ka ga titunan garin a miƙe yadda aka tsara su tun farko, da gonakin da suka kewaye shi. Daga cikin ƙofofin ganuwa bakwai saura ɗaya, Broad Gate, kuma har yau motoci ta cikinta suke ratsawa, ɗaya bayan ɗaya. Akwai masauki mai suna Feathers da aka gina a 1619, fuskarsa duk sassaƙen katako, har yanzu ana kwana a ciki. Abin da ya burge ni ke nan: tsofaffin gine-ginen nan ba a kulle su don 'yan kallo ba, ana sayar da burodi da magani a cikinsu.

Fadar ce kaɗai ta zama kango, tun bayan da aka rushe majalisar da ke mulkin Wales daga cikinta a 1689. A nan Yarima Arthur, ɗan farin Sarki Henry na Bakwai, ya rasu a 1502 yana ɗan shekara 15, 'yan watanni bayan an ɗaura masa aure da Catherine 'yar sarkin Sifaniya. Ƙanensa ya gaji sarauta, ya kuma auri matar. Rikicin rabuwarsu daga baya shi ya kai Ingila ga ɓallewa daga Paparoma. Ka ga inda mutuwar yaro ɗaya a ɗan ƙaramin gari ta kai ƙasa.

To, amma ainihin dalilin wasiƙar nan yana bayan gari. In ka haye gadar Dinham ka hau tudun Whitcliffe, sai ka faɗa cikin gonaki da makiyaya, kowace an kewaye ta da shingen itatuwa masu rai da ake askewa. Ta tsakiyar gonakin nan akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa izinin bi. An sa musu alamar kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke, an kuma zana su a taswirar hukuma. Mun ratsa ta cikin garken tumaki, mai gonar yana kan tarakta, ya ɗaga mana hannu ya ci gaba da aikinsa. Shi ba shi da ikon toshe hanyar. Kai kuma ba ka da ikon kauce mata, kuma ƙyauren da ka tarar a rufe, ka rufe shi bayanka. Nan take na tuna da burtalin garinmu da gonaki suka cinye, da zaman sulhun da kake sha kowace kaka. Na san wannan ta mutane ce, waccan ta shanu, kuma su ma nan suna samun saɓani. Amma hanyar da aka rubuta, aka kafa mata alama, kowa ya san faɗinta, tana da wuyar sata. Ina so ka taka ta da ƙafarka, ka ga ko akwai abin da za ka kai wa Hakimi.

Daga nan sai Stokesay, kamar mil 7 arewa da garin. Gida ne da wani attajirin ulu, Laurence na Ludlow, ya gina bayan ya sayi filin a 1281. Ya yi masa hasumiya irin ta mayaƙa, amma ya buɗe masa manyan tagogi, alamar mai shi ya fi son a ga arzikinsa da ya ɓuya. Bai daɗe a ciki ba, a 1294 ya nutse a teku tare da jirgin da ke kai ulu ƙetare. Gidan na nan kusan yadda ya bar shi.

Maganar abinci da salla kada ta dame ka. A Ludlow naman halal yana da wuya, don haka za mu tafi da namu daga Birmingham, mu haɗa da kifi da burodi. Kusa da Stokesay kuma, a Craven Arms, akwai mayankar tumaki ta halal da masallaci, sai mu daidaita zuwanmu da Juma'a. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, saboda haka yinin zai ishe mu. Ka taho da takalmi mai rufi da rigar ruwa, don sararin nan ba shi da alkawari.

Ka sanar da ni da wuri in kama mana masauki, lokacin zafi ɗakuna ba sa zama. Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce maganin ƙafarta zai biyo ka. 'Ya'yanka suna gaishe ka, suna kuma tuna maka alkawarin kilishi.

Naka,
Ƙanenka