Fitila ɗaya, farashi biyu

Yau ba labarin gari na kawo muku ba. Labarin kunyar da na sha ne, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irinta.

Waɗanda suka san ni sun san aikina magana a gidan rediyo nan Maraɗi. Albashin rediyo kuwa, kun dai sani, ba ya ganin ƙarshen wata. Shi ya sa bara na shiga dillanci ta intanet. Wani kanti da ke aiko kaya daga Yamai ya ba ni liyan nawa na kaina, na buɗe ɗan shafi ina jera kayansu da Hausa. Duk wanda ya latsa ya saya, a ba ni la'ada. Abin ba sabo ba ne, Amazon ya fara irin wannan tsari tun 1996, mu kuma dillanci a kasuwar dabbobi muka tashi muka tarar da shi. Sai dai dillalin kasuwa yana riƙe da igiyar akuya a hannu. Ni ban taɓa riƙe kayan ba. Abin da nike riƙewa fishiye ne.

Kowace safiya kantin na fitar da wannan fishiye, irin wanda ake ce ma CSV. Dogon tablo ne: lambar kaya, suna, kuɗi, hoto, liyan, sai rukunin da kayan yake ciki. Ƙanena, ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya haɗa mini ɗan logisiyel da ke kwashe layukan yana zubawa a shafina. Mun ɗauka kowane layi kaya ɗaya ne. Nan bango ya tsage.

Akwai wata fitila da ta fi komi tafiya. Tana da ɗan pano na rana a baya, tana kama rediyo, tana kuma sharjin salula. A ƙauyen da babu kuran, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To ita mece ce? Fitila, ko rediyo, ko kayan sharji? Kantin ya ce duka ukun, dan haka ya rubuta ta sau uku cikin fishiye, layi ɗaya ga kowane rukuni. Logisiyel ɗinmu bai san haka ba, ya maida ta kaya uku daban-daban, kowane da nasa farashi.

Wata biyu lafiya lau, tunda farashin ɗaya ne, sefa 12.500. Rannan kantin ya ƙara kuɗi zuwa 15.000, ya kuma cire ta daga rukunin rediyo. Fishiye ya zo da layi biyu, su aka gyara. Na ukun ya zama maraya, ba wanda ya taɓa shi, yana nan zaune da tsohon farashinsa. Kuma rukunin rediyo shi ne masu saurarena ke fara buɗewa.

Wata Litinin ina fitowa daga shirin safe, mai gadi ya ce wani dattijo na jirana tun ɗazu. Daga wajen Gidan Runji ya zo, da jikansa. Na durƙusa muka gaisa.

"Ɗana, kai ne mai shirin safe?"

"Ni ne, Baba."

"To mi ya hwaru? Yaron ga ya gwada mini cikin salula, jika goma sha biyu da rabi, ga sunanka bisa. Na saida wake na haɗa kuɗɗin. Da munka zo biya, sai anka ce jika goma sha biyar. Ni ban san masu kanti ba. Kai na sani."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na so in ce laifin ordinatar ne, sai na ji maganar ba ta da daɗin faɗi gaban mutumin da ya saida wakensa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ba shi haƙuri, na cika 2.500 daga aljihuna. La'adar da na samu a kan fitilar ba ta ko kai haka ba.

Mafita ba daga intanet ta zo mini ba, daga ɗakin ajiyarmu na gidan rediyo ta zo. Tsohon teknisiyanmu, tun zamanin kaset, yana da akwatin katuttuka. Na ba shi labari, ya yi dariya, ya jawo wata kaset ta hira da wata mata mai saida gero.

"Yaro, wagga hira ta noma ce, ko ta mata, ko ta kasuwa?"

Na ce duka, Malam.

"To ka ga na kwafe ta sau uku? Kaset guda ce, lambarta guda. Kati ne uku, kowane na gwada maka inda take. In ta lalace, wuri guda zan gyara."

Da na maida ma ƙanena wannan magana, ya dafe kai ya ce ai abin da aka koya musu ke nan a aji, bai dai kawo shi nan ba. Muka rushe komi muka sake gini da tablo uku. Na farko na kaya: kowane kaya layi ɗaya, farashi ɗaya. Na biyu na rukunai. Na ukun shi ne akwatin katin Malam, babu komi ciki sai lambar kaya da lambar rukuni. Fitila na iya bayyana wuri uku, amma duk daga layi ɗaya ake ɗauko kuɗinta.

Ga abin da na koya a hanya. Kada ka gane kaya da sunansa, suna na canzawa. Ka gane shi da lambar kanti, ko lambar EAN mai alƙaluma 13 da ke ƙarƙashin zanen nan na jikin kwali. In lamba ta maimaitu cikin fishiye, ba sabon kaya ba ne, sabon kati ne. In kuma lamba ta ɓace gaba ɗaya daga fishiyen yau, a ɓoye kayan nan take, kada a bar maraya.

Sannan ba duk kantuna ke maimaita layi ba. Wasu cusa rukunan suke yi cikin gurbi ɗaya, su raba da waƙafi ko da alamar |. A lura, alamar > ba rabuwa take nufi ba, tsani ne daga babban rukuni zuwa ƙarami. Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da ƙarin tarko: Excel ɗinmu waƙafi mai ɗigo yake jira tsakanin gurabe, dan waƙafi zalla na lissafi ne a wurinmu. Ka buɗe fishiyen da aka raba da waƙafi, sai ka ga layi duka ya cunkushe cikin gurbi ɗaya.

Na ƙarshe, kowane kaya a zaɓa mishi babban gida ɗaya, sauran su zama ƙofofi. Google ma, a tsarinsa na tallar kaya, yana da rukunai fiye da 5.000, amma ɗaya tak yake karɓa ga kowane kaya. Kuma tunda kantuna da yawa la'adarsu ta danganta da rukuni, ka tambayi kantin a wane gida yake lissafa kayan, tun kafin ka fara ƙirga ribar da ba taka ba.

Na san matasa da dama a Damagaram, Tawa da Yamai sun fara wannan sana'a. Ƴan uwa, kayan ba naku ba ne, farashin ba ku kuka yanka ba, amma sunan da ke bisa shafin naku ne. Yanzu kowace safiya, kafin in shiga situdiyo, sai na latsa kaya biyar na gwada kuɗinsu da na kanti.

Baba kuwa, fitilarsa ta iso. Jikansa ya ce mini da ita yake sauraren shirin safe. Duk sanda na buɗe makirfo in faɗi farashin gero, sai in tuna yana ji.

Allah shi sa mu fi ƙarfin amanar da aka ba mu. Sai wani jiƙon.