Bokiti Biyu da Tsumman Rawani

Duk motar da ta kwana a Dogon Daji cikin hunturu, da safe launinta ɗaya da ƙasar garin. Fara ce, shuɗiya ce, koriya ce, hazo ba ruwansa. Garin yana bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga da Shagari, ya wuce mu ya nufi Tambuwal da Aliero da Jega, don haka ko iska ta lafa, manyan motocin da ke gangarawa kudu da shanu da albasa ba sa barin ƙura ta zauna wuri ɗaya. A nan na tashi, a nan kuma na zama mai wankin motar kawuna, ƙanen mahaifiyata, a tsakiyar shekarun 1990.

Fijo 504 ce doguwa, shuɗiya, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna tun bayan da aka buɗe masana'antar Fijo a can a 1975. Ta bi hannaye kafin ta zo nasa. Haya yake yi da ita tsakanin Sakkwato da Jega, wani lokaci a ɗauke shi shata zuwa ƙauyukan Kebbe. Zamanin Abacha ne. A hukumance litar fetur naira 11 ce tun ƙarshen 1994, amma sau da yawa gidan mai a bushe yake, sai dai ka je wurin 'yan bumburutu su yanka maka yadda suka ga dama. In ya cire kuɗin mai da na kamasho da na faci, ya ajiye na cefane, abin da ya rage wa wankin mota bai kai a ambata ba.

To me ya dame shi da ƙyallin mota? Fasinjan tasha ba ya zaɓe, motar da ke kan layi ita yake shiga ko da kaji sun kwana a cikinta. Amma mai kai amarya yana zaɓe. Mai raka alhaji filin jirgin Sakkwato yana zaɓe. Shata ɗaya ta irin wannan ta fi lodin yini biyu albarka, kuma a garinmu an san motar da ake nema idan ana son fita kunya. Ban da haka, Kawu ya san ranar sayarwa tana nan tafe, kuma mai saye da ido yake fara ciniki.

Ruwa shi ne rigimar farko. Daga rijiya nake jawowa, kuma da bazara, sa'ad da guga ke dawowa da rabi, rabin ma da laka, matar Kawu ba ta ɓoye ra'ayinta. "Mutane na neman na alwala, ku kuna yi wa ƙarfe wanka," in ji ta. Aka yi sulhu a kan bokiti biyu. Duk abin da na koya a kan wankin mota daga wannan iyaka ya fito, domin wanda yake da famfo a tsakar gida ba ya bukatar tunani, sheƙa ruwa kawai yake yi.

Ran da ya fara koya mini, na ga yaran tasha suna goge ƙura da busasshen tsumma, na tambaye shi ko in fara da haka. Ya kama hannuna ya dangwala yatsana a kan bonet, ya ce in murza tsakanin yatsu biyu. Na ji ƙasa-ƙasa. "Ka jiya? Rairayi na. Ba a darzar ƙura, yaro, korar ta aka yi." Yana da wata izga da ya haɗa da yankakkun tsummoki masu laushi, ya ɗaure a bakin kara. Da ita ake kaɗe motar sama-sama, ba dannawa. Sannan a ɗauko gwangwanin madara babba wanda ya huda gindinsa da ƙusa, a cika, a riƙe shi bisa rufin mota ruwa ya riƙa zuba yayyafi-yayyafi. Gwangwani kaɗan sun isa su jiƙa motar gaba ɗaya, abin da in da kwano ake watsawa rabin bokiti ya tafi.

Bokiti ɗaya na wanki ne, ɗaya na ɗauraye tsumma. Daga rufi ake farawa, a sauko gilasai, bonet, ƙofofi, a bar gindin ƙofofi da bamba sai ƙarshe, don can ne yashi ya fi maƙalewa. Duk shafa ɗaya sai a nutsa tsumman a bokitin ɗauraya a girgiza, kuma ba a kai hannu ƙasan bokitin, saboda can yashin da ka cire yake kwanciya yana jiran ka mayar da shi jikin fenti. Ruwan da ya rage, wanda ya koma ja, na tayoyi ne. Abin da ya saura bayan tayoyi kuwa wani ɗan dashen mangwaro ke shanyewa a bayan zaure.

Tsumman kansa tsohon rawanin kakana ne, harsa da ta sha wanki har ta yi laushi. Kawu ya raba ta gida uku: na wanki, na tsanewa, na goge folish. Dokarsa a nan ba ta da roƙo. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya sauka daga muƙaminsa, ya koma na taya, sai an wanke shi an shanya an kaɗe kafin a sake duba lamarinsa.

Sabulu kuwa, yawancin ranaku babu shi sam. Ƙura ba maiƙo ba ce, ruwa ya ishe ta. Sai in an yi dakon wani abu mai maiƙo ko hannayen makanikai sun bar shaida, sannan ya kankaro ɗan sabulun wanka da wuƙa ya narkar a ruwa, kumfa kaɗan. Garin sabulun wankin tufafi, wanda kowa ke zubawa a bokiti don arha da yawan kumfa, ya hana shi kusantar motarsa. An yi shi ne don ya cinye maiƙo, folish kuma dangin maiƙo ne. Wanki ɗaya da shi ya kwashe abin da ka wahala ka shafa, ya bar fenti tsirara a gaban ranar Sakkwato.

Lokacin wanki bayan sallar asuba ne, kafin rana ta taɓa ƙarfe. Da hunturu wannan azaba ce, yatsu su ƙage, bayan hannu ya yi kaushi har ya tsage. Amma in ka bari hantsi ya yi, ruwan rijiya yana bushewa kafin ka kai ga tsane shi, ya bar fararen ɗige-ɗige da ba sa fita sai da darza. Kuma ba ya ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro duk daɗin inuwarsa, saboda 'ya'yan itacen da kashin tsuntsaye. Kashin tsuntsu in ya yini a kan bonet mai zafi, tabonsa ya zauna ke nan. Rumfar zana ya kafa mata a gefen gida.

A tasha akwai gajeriyar hanya, kuma kusan kowa ita yake bi. A zuba ɗan gas ko kananzir a ruwan ɗauraya, a shafe mota, nan take ta ɗauki ƙyalli har kana ganin fuskarka. A shafa wa tayoyi baƙin mai ko man birki su yi baƙi wuluk. Na sha tsayawa ina kallo ina jin haushin namu wahalallen tsarin. Sai dai ƙyallin gas bai cika wuce Shagari ba. Duk ƙurar hanya a jikinsa take mannewa, robobin gilashi su kumbura su saki, kuma na taɓa ganin wani dattijo da farar babbar riga ya jingina da ƙofar irin wannan mota yana jiran lodi ya cika. Da ya ɗaga, sai ga taswirar ƙofar a bayansa. Abin da ya faɗa wa direban ba na rubutawa ba ne. Man birki ya fi muni, don in ya ɗiga a fenti aka bar shi, tayar da shi yake yi.

Folish na gaske gwangwani ɗaya Kawu ke saye a shagunan kayan mota a Sakkwato, ya daɗe ƙwarai yana lallaɓa shi. Ba a cikin mota yake ajiye shi ba, zafi zai narkar da shi. Gindin randa yake zama, a ɗakin matarsa, inda ƙasa ke da sanyi. Ana fito da shi in damina ta ɗauke, da kuma gab da shigowar bazara, sai ko in wata babbar shata ta taso. Yadda yake gane lokaci ya yi, ya ɗiba ruwa a tafin hannu ya yarfa a bonet. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, da saura. In ya baje ya kwanta, folish ya ƙare.

Ranar shafawa ba ya fita lodin safe. Bayan an wanke an tsane, sai ya naɗe ɗan tsumma a yatsu biyu, ya shafo bakin gwangwanin kaɗan, abin da ni a ganina bai isa komai ba, ya bi da shi rabin bonet a hankali. "Wanda ya labta da yawa, tsumma ya ciyar, ba mota ba," haka yake cewa. Sai mu jira ya yi fari-fari. Ya ja yatsa a kai. In wurin ya fito tas, ya bushe, in ya yi jirwaye, a ƙara jira. Sannan ni in bi da busasshiyar harsa ina gogewa ina juya ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tsumman ke komawa shuɗi. Fentin motocin wancan zamani ba shi da wata fatar gilashi a samansa, launin ne a fili, rana ta ƙona saman ya zama gari. Wannan mataccen garin muke kwashewa, mai rai ya fito daga ƙasa. Shi ya sa yake hana ni dannawa a kan kusurwoyi da bakin ƙofa, inda fenti ya fi sirantaka: kowace guga tana rage wani abu da ba ya dawowa. In gwangwani ya kusa ƙarewa, rufi da bonet da saman fenda kawai ake yi wa, su da ke kallon sama.

Wata shekara gwangwanin ya ƙare, kuɗi kuma babu, ga bikin da aka riga aka yi masa magana. Wani mai gyaran jikin mota ya ba shi shawara ya nemi kakin zuma. Muka samo wurin masu sayar da zuma, ya yayyanka a gwangwani, ya sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, ya sauke nesa da wuta ya zuba kananzir yana juyawa da tsinke har ya yi kauri kamar man shanu. Da safe motar ta yi kyau ƙwarai, har da ƙamshi. Kafin azahar, tana tsaye a rana ƙofar gidan biki, rufin ya fara danƙo, ƙurar 'yan rakiya ta bi ta manne. Sai da na girma na san dalili. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, yana kuma yin laushi tun kafin nan, alhali rufin mota a ranar bazararmu, da iska kanta ke haura digiri 40, yana iya kaiwa can. Folish na gwangwani kuwa akasari da kakin karnuba ake yin sa, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Burazil, shi sai ya haura digiri 80 yake narkewa. Kawu bai zubar da haɗin nasa ba. Ya mayar da shi na cikin ƙofofi, da bamba, da duk wata gaɓa da ruwa ke kwanciya, inda rana ba ta kaiwa, kuma a nan ya yi aiki sosai wajen tare tsatsa.

Damina ita ce hutuna da rijiya. Ruwan farko ba a yarda da shi, laka yake saukowa da ita daga sama. Amma daga na biyu na uku, da hadari ya haɗo sai mu turo motar daga rumfa, in tuɓe riga in bi ta da tsumma ruwa na zuba, kyauta, kuma ba ya barin ɗigo. Wahalar damina a ƙarƙashi take. In ya dawo daga hanyoyin Kebbe, jar laka ta cika bayan tayoyi, in aka bar ta tana riƙe danshi har ƙarfe ya ruɓe. Sai mu je wani kududdufi a bakin titi, in shiga ƙarƙashi da kara da gwangwani ina sassaƙewa ina watsa ruwa. Jiki dai ba a taɓa shi da ruwan kududdufi. In ƙasan ya bushe, ya shafe shi da baƙin man da aka juye daga inji, wanda ba ya bari makanike ya riƙe masa.

Da ya tashi sayar da ita, mai sayen ya zo da wani masani. Masanin bai kalli ƙyalli ba. Ya ɗaga tabarmar ƙafa, ya ƙwanƙwasa gindin ƙofofi, ya leƙa bayan tayoyi, ya bi jikin da maganaɗisu yana neman inda aka cike da foti. Ya miƙe ya ce wa mai sayen ya biya kawai.

Yau Fijo ta yi ƙaranci a wannan titi, 'yan Kwatano sun karɓe shi. Fentinsu yana da wannan fatar mai sheƙi a sama, ba ya ba tsumma launi, amma in rana da garin sabulu suka cinye fatar sai ta fara ɓarewa fari-fari a rufi da bonet, kuma babu folish ɗin da ke mayar da ita, sai mai fenti. Wuraren wankin mota da injin feshi sun bazu a bakin hanya, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗinsu ya bi fetur sama, tunda da janareta suke aiki. Injin yana da amfani, musamman ga ƙarƙashi, ba na musu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne tsumma ɗaya tun daga taya har gilashi, da tsakar rana, da kumfa kamar ana wankin bargo. In na kai tawa, ina zuwa da sassafe da tsummana da ɗan sabuluna, in ce wa yaron ya fara daga rufi. Kuɗinsa dai ba ya raguwa don na kawo kayana. Ya ce ruwa da man janareta nake biya, kuma da gaskiyarsa.