Maganar da Minista Ya Faɗa a Rediyo

 Labarin da zan ba ku yau na wata ƙasa ne da ake kira Ayalan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila, kuma ba don na taka ƙasar da ƙafata ba, da ban isa in ce muku komai a kanta ba.

A shekarar 2023 ne Allah ya sauki 'yata ta fari lafiya, wadda take aikin jinya a wani asibiti a birnin Dublin. Na so in je wankan jego, amma takardun tafiya suka yi ta jan ƙafa, ban sauka ba sai da yaron ya yi wata biyar har ya fara koyon zama. Ko sati biyu ban yi ba muka saɓa. Ta ce mini hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, za ta koma aiki, yaron kuma za a riƙa kai shi gidan raino. Raina ya ɓaci, na ce, "Ke dai faɗi gaskiya, aikin nan ya fiye miki ɗan nan. Uwar kirki ba ta miƙa jinjiri ga bare ta tafi neman kuɗi." Ba ta ce komai ba illa, "Allah ya huci zuciyarki, Umma," ta shige ɗaki. Kwana uku gidan nan kamar an yi mutuwa.

To akwai wasu tsofaffi maƙwabtansu, mata da miji, waɗanda ba sa gajiya da kiran mutum shan shayi. Da yake na ɗan koyar a firamare kafin aure ya zaunar da ni, ina da Turancin da zan kare kaina, sai na shiga wajensu don in rage zafin zuciya. A bangon falonsu na ga hoton wani gola ya yi tsalle yana ture ƙwallo. Tambaya ɗaya na yi, tsohon nan ya ajiye kofi ya gyara zama.

Ya ce shekarar 1990 ke nan, gasar cin kofin duniya a Italiya, karo na farko da ƙasarsu ta taɓa zuwa. Na ce ai na tuna shekarar, mu a Kano Kamaru muke bi, mazan gidanmu suna ta ihun Roger Milla. Ya ce to su ma sun kai inda Kamaru ta kai, wato zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, amma abin dariyar shi ne ba su ci wasa ko ɗaya a cikin lokaci ba. Kunnen doki da Ingila, kunnen doki da Masar, kunnen doki da Holan. Da suka haɗu da Romaniya ran 25 ga Yuni sai da aka je bugun fenariti, golan nan na hoto, Packie Bonner, ya tare ɗaya, David O'Leary ya jefa ta ƙarshe. Italiya ce ta fitar da su da ci ɗaya a birnin Rum. Wasa biyar, ƙwallo biyu kacal suka ci, kocinsu Jack Charlton kuma Baturen Ingila ne, ƙasar da ta mulke su shekaru aru-aru, amma da suka dawo gida Dublin ta cika ta batse kamar su suka ɗauko kofin. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa, tsoho da furfura.

Sai matar ta ce, "Ƙyale shi, shi a shekarar nan ƙwallo kawai ya sani. Ni watan Nuwamba na sani."

Ta ce ita da mai buga tafireta ce a ofishin gwamnati. Da ta yi aure a 1968, dole ta ajiye aikin, domin a lokacin dokar ƙasar ta ce mace in ta yi aure ta bar aikin gwamnati. Sai a 1973 aka soke dokar, lokacin ita tana da 'ya'ya uku, wa zai ɗauke ta? Wallahi da ta faɗi haka sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, don ni ba doka ce ta raba ni da alli ba, magana ce ta dangin miji, amma ajiyewar ɗaya ce.

A 1990 aka zo zaɓen shugaban ƙasa. Ku sani, a can shugaban ƙasa uban ƙasa ne kawai, mulki yana hannun firaminista, amma kujera ce mai daraja, kuma mace ba ta taɓa hawa ba. Kowa ya sallama cewa Brian Lenihan ne zai ci, mataimakin firaminista, ɗan jam'iyyar Fianna Fáil wadda ba ta taɓa faɗuwa wannan zaɓe ba. Sai jam'iyyar ma'aikata ta tsayar da wata lauya mai shekara 46, Mary Robinson, 'yar likitoci daga garin Ballina, mai 'ya'ya uku. Ta yi shekara 20 a majalisar dattawa. Ita ce ta tsaya wa wata talaka da mijinta ke duka, wadda ba ta da kuɗin lauyan da zai raba su, har kotun Turai, suka yi nasara a 1979.

Ana cikin kamfe sai asirin Lenihan ya tonu. Ya musanta a talabijin cewa ya taɓa buga waya fadar shugaban ƙasa a 1982 don a matsa masa lamba, sai ga kaset ɗin hirarsa da wani ɗalibi inda ya faɗa da bakinsa cewa ya buga. Firaminista Charles Haughey, amininsa, ya sallame shi daga gwamnati saura sati ɗaya zaɓe. To kun san halin mutane, sai tausayinsa ya kama su, ya fara farfaɗowa.

Nan ne fa wani minista, Pádraig Flynn, ya shiga rediyo ranar Asabar don ya taimaki ɗan jam'iyyarsa. Ya ce wai matar nan ta sake tufafi, ta sake gyaran gashi, ta kuma tsiro da sabon son iyali, alhali su da suka san ta a da ba su taɓa jin ta da ikirarin zama matar kirki ko uwar kirki ba.

Tsohuwar nan ta ce tana wanke-wanke ta ji shi, ta tsaya da kwano a hannu. Gidansu tun kakanni Fianna Fáil suke yi, ba ta ma yarda da rabin ra'ayoyin Mary Robinson ba, amma ta ce, "Wa ya aike shi ɗakin matar nan ya ƙirga son da take yi wa 'ya'yanta?" Ran 7 ga Nuwamba ta je rumfar zaɓe da mijinta, ta rubuta lamba ɗaya a gaban sunan Robinson, ba ta gaya masa ba sai bayan shekara goma. Tsohon ya yi dariya ya ce ai tun a ranar ya gane, don ta dawo tana waƙa.

A can ba mutum ɗaya kake dangwala wa ba, jera 'yan takara kake yi, na ɗaya, na biyu. A ƙirgen farko Lenihan ne a gaba da kashi 44 cikin ɗari, ita tana da kusan 39. Da aka fitar da na uku, Austin Currie, aka raba ƙuri'unsa, yawancinsu suka koma wajenta, ta wuce. Aka rantsar da ita ran 3 ga Disamba. A jawabin nasararta ta gode wa matan ƙasar musamman. Da ta sauka a 1997, wata macen ce, Mary McAleese, ta gaje ta har shekara 14.

Ni dai tun daga maganar ministan ban ƙara jin ɗanɗanon shayin ba. Kalmominsa da nawa, in aka cire Turanci, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shi ko banza abokiyar hamayya ya faɗa wa, ni kuwa 'yar cikina na faɗa wa, yarinyar da nake ji da kunnena tana tashi sau uku cikin dare.

Kada ku ce na sake ra'ayi gaba ɗaya. Har gobe ina ganin wata shida ya yi wa jinjiri kaɗan, kuma na faɗa mata haka daga baya, amma ban ƙara cewa ba ta son shi ba. Haƙuri kuwa bakina bai iya ba ta ba, kun san mu da 'yar fari. Da na koma gida na same ta a kicin tana wanke kwalaben madara, sai na ce, "Gidan rainon nan, da nisa?"

Ta ce, "A'a Umma, bayan layin nan ne."

Na ce, "To gobe ki kai ni in ga matan da idona. Kuma ranar da za ki koma, ƙarfe nawa za ki fita? Sai in dama miki kunun gyaɗa ki tafi da shi a fulas."

Ta juya mini baya tana ta wanke kwalba ɗaya, can ta ce, "Ƙarfe shida da rabi, Umma."