Awa ɗaya da rabi ba 1,30 ba ne

Shayi na biyu na kan gawayi Alhajin albasa ya jawo kujerarsa kusa, ya sassauta murya.

"Mushe, maganar nan kada ta fita fadar nan. Yaron wajena da zai zauna BEPC bana, jiya na tarar da shi ya tasa kaye gaba ya yi tagumi. Wai mota ta taso daga wani gari, wata ta taso daga wani, a ina za su haɗu. Yaron da nake aike Madawa shi kaɗai, ya je ya dawo da canjina daidai!"

Mushe ya yi murmushi. Ya daɗe yana koyar da lissafi a kwaleji, kuma yana cikin masu gyaran takardu idan an gama jarrabawa.

"Alhaji, ba naka kaɗai ba ne. Ƙa'idar kowa ya haddace ta: nisa shi ne gudu a ninka da lokaci. Ko daga barci ka tada yaro zai karanto maka ita. Ba nan suke zubar da maki ba. A minti suke zubarwa."

Ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa. "Nan Buza, nan Madawa. Mu ce kilomita 50, kusan haka ne ma. Mota ta yi awa 1 da minti 15. Yaro sai ya rubuta 1,15, ya raba 50 da shi, ya samo 43 da ɗoriya, ya ja layi biyu ƙarƙashi yana murna. Alhali awa minti 60 ce, ba 100 ba. Minti 15 rubu'in awa ne, wato 0,25. Ka raba 50 da 1,25, ga 40 cif. Awa ɗaya da rabi kuwa 1,5 ce, amma kowace shekara sai na ga 1,30 har idona ya gaji."

"To maganin fa?"

"A raba mintin da 60 kafin a taɓa komai. Wasu kuma a haddace su kawai: 6 shi ne 0,1, 30 shi ne 0,5, 45 shi ne 0,75. Minti 20 a bar shi sulusi, 1/3, don in aka ce sai an sa masa waƙafi ba ya ƙarewa."

Sai ya juya wajen direbanmu, wanda ya yi shekara da shekaru yana jigilar albasa tsakanin kwarin Majiya da Galmi.

"Yaya, ga taka. Ka tafi da lodi kana kilomita 30 a awa, ka dawo fanko kana 60. Tafiya da dawowa, matsakaicin gudunka nawa?"

Alhaji ya riga shi. "Ai wannan ko ni na sani. 45."

Direba ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, ba ta kai ba. Ni ban san lambar ba, amma na san na fi daɗewa ina rarrafe da lodi a kan lokacin da nake sheƙawa."

Mushe ya tafa hannu. "Kun ji! Wanda bai yi lakwal ba ya ci, ɗan kasuwa ya faɗi. Tambayar ba ta ba da nisa ba, to ka ba ta naka, lambar da 30 da 60 duka ke rabawa. Ka ce kilomita 60. Zuwa awa 2, dawowa awa 1. An ci kilomita 120 cikin awa 3, amsa 40. Ba a haɗa gudu biyu a raba biyu sai in lokacin da aka yi a kowanne ɗaya ne. In ba haka ba, dukan nisa a raba da dukan lokaci. Kuma in tambaya ta ce an tsaya salla minti 20 a hanya, sai a duba da kyau: gudun motar ake nema, ko na tafiyar gaba ɗaya? In na tafiyar ne, tsayawar ma tana ciki."

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Direba ya san amsar a jikinsa, ɗalibi kuma yana da alƙalami amma ya bar hankalinsa a ƙofar aji. Laifin ba na yaran ba ne duka. Irin wannan tambaya mun gaje ta daga tsofaffin littattafan Faransa, inda jirgin ƙasa ke tashi daga gari kaza ya gamu da wani. Ɗan Adar da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai ya ɗauka abin wata duniya ce, ya shiga zuba lambobi ba tare da ya ga tafiyar a zuci ba. Na faɗi haka, Mushe ya ce ai shi ya sa yake gaya wa ɗalibansa su sauya sunayen a ransu: garin A ya zama Keita, garin B ya zama Tawa, jirgin ya zama motar kasuwa.

"Mu koma ga wadda ta sa yaron Alhaji tagumi," in ji shi, yana nuna layin da ya ja. "Babur ya taso daga Madawa yana 30, mai keke ya taso daga Buza yana 20, lokaci guda. Kowace awa tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da 50, don kowa na cin nasa gefen. Ke nan bayan awa 1 sun haɗu, kilomita 20 daga Buza. Masu fuskantar juna, a haɗa gudunsu. Mai bin wani a baya, a debe."

"Kawo ta bin bayan," in ji direba.

"Amalanken jaki ya fita da asuba yana kilomita 5 a awa. Bayan awa 2 aka tuna an manta ba a ba mai shi saƙo ba, aka tura ɗan kabu-kabu yana 45. Kafin babur ya tashi amalanke ya ci kilomita 10. Wannan ratar ita ce abin biya. Babur na rage ta da 40 a awa, 45 a debe 5. Ka raba 10 da 40, rubu'in awa, minti 15. Inda yara ke tuntuɓe shi ne ba su fara lissafa ratar ba. Kuma sai an ce ƙarfe nawa ya cim masa, su ba da minti 15 su tafi, ba su ɗora shi kan lokacin tashin babur ba."

Mai dafa shayi, wanda shi ne ƙaraminmu, ya ce shi mita a daƙiƙa ce ta kayar da shi a zamaninsa.

"Ƙanena, 3,6 kawai za ka riƙe. Awa daƙiƙa 3600 ce, kilomita mita 1000. Daga mita a daƙiƙa zuwa kilomita a awa, ka ninka da 3,6. In komawa za ka yi, ka raba. Usain Bolt ɗan Jamaika ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9,58 a Berlin a 2009, har yau ba a karya ba. Mita 10 da ɗoriya ke nan a daƙiƙa, kusan kilomita 37 da rabi a awa. To in lissafinka ya nuna maka wata tsohuwa ta tafi rijiya tana 60 a awa, kai ma ka san akwai gyara."

Aka fashe da dariya. Mushe ya jira ta lafa.

"Ba wasa nake ba. Na sha ganin irinta a takarda, an rubuta da kyakkyawan hannu. Mai tafiya a ƙasa 4 zuwa 5 yake yi, keke 15 zuwa 20, mota a kwalta ta kai 80 ko 90. Yaro ya gama, ya tambayi kansa ko abin nan zai yiwu a hanyar da ya sani. Daƙiƙa goma ta isa, amma sauri kan haifi nawa."

Ya ƙara da abin da ya ce shi ne sirrin masu gyara. Ba amsa kaɗai ake ba maki ba. Wanda ya rubuta ƙa'ida, ya juya mintinsa daidai, ya kuskure a rabawar ƙarshe, yana tsira da wani abu. Wanda ya ajiye lamba tsirara, ba km ba awa, ko daidai ce yana iya rasa wani kaso. In kuwa jarrabawar zaɓi ce, irin ta wasu gasannin neman aiki, amsar tarko tana nan zaune cikin jerin, 45 ɗin Alhaji na jiran mai gaggawa. A irin wannan a gwada amsoshin cikin tambayar, kuma in ɗaya ta ƙi ci a wuce, a dawo mata daga baya.

Jarrabawar BEPC tana zuwa ne da farkon damina. Duk mai ɗa ko ƴa a ajin ƙarshe na kwaleji, yau da dare ya tambaye su minti 45 nawa ne a awa. In suka ce 0,45, daga nan za a fara.